Kafin A Nufi Agadas, A Fara Da Kura

Wata sha'awa ta shigo tsakanin ɗalibai da ƙananan ma'aikata a 'yan shekarun nan, watau sha'awar mallakar ƙaton babur irin na doguwar tafiya, mai faffaɗan tanki da akwatuna a gefe da gilashin tare iska a gaba. Duk inda samari suka taru, ko a ƙofar ɗakin kwana ko a inuwar sakatariya, da wuya a tashi ba a zaro waya an nuna hoton wani da ya ratsa hamada a kan irinsa ba. Wannan ya ce in ya kama aiki BMW zai saya, wancan ya ce shi sai Honda Africa Twin, wani kuwa ya riga ya zana hanyarsa a zuci, daga Kano zuwa Damagaram, daga can zuwa Agadas, har ya dangana da bakin Bahar Rum. Iyaye kuma da jin zancen sai gabansu ya faɗi, domin su a wurinsu babur da asibitin ƙashi 'yan gida ɗaya ne.

Mu dai ba mu ga laifin wannan sha'awa ba. Ra'ayinmu shi ne babur ɗin tafiya abin mallaka ne mai amfani ga ɗan makaranta da ma'aikaci, muddin ya saye shi daidai da aljihunsa, ya hau shi da hankali, ya kuma fara da sanin ƙasar da take ciyar da shi kafin ya tafi leƙen ta wasu. Wurin da ya fi dacewa a gwada wannan magana kuwa yana nan kusa da mu, watau ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure.

Babur ba baƙo ba ne a gidajen ma'aikata. A 1974 hukumar da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ta miƙa rahotonta game da aikin gwamnati, aka yi ƙarin albashi, aka kuma biya ariyas a farkon 1975. A wannan lokaci ne malaman makaranta da akawuna da yawa suka jingine keken Raleigh suka hau Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha. Babur ya zama shaidar cewa yaro ya kama aiki, har akan dube shi wajen neman aure. Da tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, sai babur ɗin ado ya koma abin neman tuwo, ma'aikaci ya tashi daga ofis ya fita acaɓa da yamma. Daga baya masu araha na Sin da Indiya, irin su Jincheng da Bajaj, suka cika kasuwa, har babur ya shiga ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba. Saboda haka wanda yake son ya mai da shi abin yawon buɗe ido yau, ya sani cewa yana shiga hanyar da miliyoyin talakawa suka riga shi hawa, kuma su abincinsu suke nema a kanta.

Abin Da Ke Kura Da Bunkure

Mai fita daga Kano ta hanyar Zariya, in ya haye gadar Tamburawa, kafin ya cika kilomita 40 daga birni ya shiga Kura. Ko da a watan Maris ne, lokacin da ƙasar Kano ta bushe ƙayau, nan zai tarar da gonaki kore shar. Asirin abin yana can kudu, a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. An gina madatsar ne don ta riƙe ruwa kusan mita-kubik biliyan 2. Daga nan ruwan yake bin babban kanal, ya rabu zuwa reshen gabas da reshen yamma, ya shiga ƙananan magudanai har ya kai bakin gona a ƙananan hukumomin Kura da Garun Malam da Bunkure. Gangarar ƙasa ce kaɗai take tura shi, babu injin da yake ɗaga shi daga Tiga. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ta karɓi kula da aikin. Kashi na farko an tsara shi ne a kan hekta 22,000, amma abin da aka shimfiɗa bai kai haka ba, kuma wanda aka shimfiɗa ɗin ya lalace a wurare da yawa, har sai da Bankin Duniya ya amince da rancen shirin gyara na TRIMING a 2014.

Da damina shinkafa ake yi, da rani kuwa alkama da tumatir da albasa da masara. Lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, gonakin Kadawa na cikin waɗanda aka ɗora wa begen ciyar da gidajen burodin ƙasar nan. Garin Kura ya zama cibiyar turara shinkafa da cashe ta, sana'ar da mata ke da babban hannu a ciki. A Kwanar Gafan ake loda kwandunan tumatir a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu. A Kadawa ne kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a 2016, shekarar da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir na Arewa, kuma masana'antar ta sha tsayawa saboda ƙarancin abin da za ta markaɗa.

To, duk wannan harka a kan babur take gudana. Hanyoyin da ke bin gaɓar kanal ƙanana ne, na burji da laka, kuma a kansu za ka ga babur ɗauke da buhun taki, wani da injin ban-ruwa da tiyo, wani da kwanduna a jere har ba a ganin mai tuƙin. Shi yake kai malamin gona wurin manoma, shi yake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Aikin da jaki ya yi wa kakanninmu, shi babur yake yi wa mutanen Bunkure yau.

Abin Da Mai Babur Yake Gani

Wanda ya wuce Kura a cikin mota, kore kawai ya gani, sai ya ce Allah ya yi wa mutanen nan arziki. Wanda ya sauka daga kwalta ya bi kanal a kan babur sannu a hankali, shi ne zai ga yadda abin yake. Zai ga cewa manomin da gonarsa take kusa da bakin magudana yana shan ruwa har ya yi ɓarna, alhali na ƙarshen layi yana kwana a gona yana jiran abin da ya rage. Zai ga inda yashi da ciyawar kacalla suka toshe hanyar ruwa, da inda aka fasa gaɓa da dare don a sata. Zai ga yara suna wanka a cikin kanal, in kuwa ɗalibin likita ne zai tuna cewa a irin wannan ruwa mai kwanciya ne dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya yake hayayyafa. Zai tambayi kuɗin kwandon tumatir a bakin gona, ya dawo ya tambaya a kasuwar 'Yankaba, ya zauna ya yi lissafin inda bambancin ya tafi. Wannan darasi ne na tattalin arziki da ba a samunsa a ɗakin lacca. Gani ya kori ji.

Wanda yake son tafiyar kwanaki, sai ya bi ruwan zuwa inda ya nufa. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim har fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da aka tare ruwa a Tiga, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da masunta da makiyaya da manoman fadama na can suka dogara da ita ta canza, kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa da yawa. Ɗalibin da ya fara daga Tiga ya ƙare a Nguru zai dawo da sanin cewa koren Kura yana da farashi, kuma akwai waɗanda suke biya a nesa ba tare da an shawarce su ba. Irin wannan ɗalibi, in wata rana ya zama babban sakatare aka kawo masa takardar sabuwar madatsa, zai san tambayar da zai yi kafin ya sa hannu.

Har ila yau, mai mafarkin Agadas ya kamata ya san cewa Agadas ta daɗe da sanin Kura. Marinan Kura da mabugansu ne suke yin turkuɗi da baƙin rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye suke naɗawa tun zamanin da raƙumi ne motar hamada. Abin kunya ne mutum ya je Agadas ya tsaya yana sha'awar rawanin Buzu, bai san cewa a bayan gidansu aka rina shi ba.

Girman Inji Da Nisan Tafiya

Masu sayar da manyan babura suna so mu ɗauka cewa nisan tafiya yana bin girman inji. Tarihin matafiya bai goyi bayansu ba. A 1952 wani ɗalibin likita ɗan Ajantina, Ernesto Guevara, da abokinsa Alberto Granado suka tashi zagaya Kudancin Amurka a kan wani tsohon Norton mai si-si 500. Babur ɗin ma a ƙasar Chile ya mutu, suka ci gaba da tafiya ba shi. Ko mutum ya yarda da siyasar da Guevara ya bi daga baya ko bai yarda ba, abin da ya dawo da shi daga wannan tafiya shi ne halin da ya ga mahaƙa ma'adinai da kutare suna ciki. Ɗan ƙasarmu Olabisi Ajala a kan Vespa ya zagaya ƙasashe da dama, ya kuma rubuta littafi a kan tafiyarsa a 1963. Baturen Ingila Ted Simon ya yi shekara huɗu, daga 1973 zuwa 1977, yana zagaya duniya a kan Triumph mai si-si 500, ya ci fiye da kilomita 100,000. A tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda aka fara a ƙarshen 1978 ya bi ta Agadas da Yamai, Yamaha mai si-si 500 ne ya zo na ɗaya. A 2022 kuma Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a watan Afrilu ya iso Legas a ƙarshen Mayu a kan Honda mai si-si 500, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Babu ko ɗaya cikinsu da ya buƙaci si-si 1,200.

Yanzu mu dubi aljihu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan an mai da shi naira 70,000 a 2024. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A wannan tsakani dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa fiye da naira 1,500. Ƙaramin babur yakan yi kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya, ƙaton kuwa da ƙyar yake yin rabin haka. Kayan gyaran ƙaton da dala ake sayo su daga waje, injinsa kwamfuta ce take sarrafa shi, ba ya kuma jure gurɓataccen mai irin na bumburutu. In ya tsaya a tsakanin Bunkure da Rano, bakaniken da ke bakin hanya zai zagaya shi ya yi ta kallo, amma ba shi da na'urar da zai bincika shi. Daɗin daɗawa, nauyin babban BMW na tafiya ya haura kilo 250, na Honda Gold Wing ya haura 350. Wanda irin wannan ya kwanta masa a cikin lakar gonar shinkafa, sai ya nemi gayya kafin a tashe shi.

Saboda haka shawararmu ga ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ita ce ya nemi matsakaici, mai si-si 150 zuwa 250, wanda ake samun filoginsa da sarƙarsa da tayarsa a kowace kasuwar ƙauye. Kada ya ci bashin da zai cinye albashinsa na shekaru don abin da zai hau ranar Lahadi kaɗai. Mun san ciwon da ke cikin wannan shawara, domin mafi yawan abin da ke jan samari zuwa ga ƙaton babur shi ne a juyo a dube su. Amma kallon mutane na ɗan lokaci ne, mai bin bashi kuwa kowane ƙarshen wata yana nan. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi abin da yake so, ba mu hana shi ba. Sai dai ya tabbatar da takardun kwastan na abin da ya saya, domin da yawa daga cikin na hannu da ake shigowa da su asalinsu a duhu yake.

Maganar Rai

Tsoron iyaye yana da hujja, kuma ba za mu yi masa dariya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, watau tsararmu da ƙannenmu. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, mai babur kuwa jikinsa ne bodi.

A ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Abin da ya biyo baya ya shiga jaridun duniya: wasu suka kifa ƙwarya a ka, wasu robar fenti, don su wuce jami'ai. An yi dariya, dokar ta yi sanyi, aka ci gaba da binne samari. Binciken da hukumomin lafiya suka dogara da shi ya nuna cewa hular kirki, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana kuma rage na raunin kai da kusan kashi 70. Masu cewa tana da zafi, gaskiya ne tana da zafi. Masu tsoron sa wadda wani ya sa, sai su sayi tasu. Masu cewa ajali ba ya wuce lokacinsa, mu ma mun yi imani da haka, amma ba mu ga wanda ya bar ƙofar gidansa a buɗe da dare saboda wannan imani ba. Wanda ba shi da kuɗin hula da takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu da lasin da inshora, to kuɗin babur ɗinsa bai cika ba tukuna.

Game da gudu kuwa, lissafin ɗan sakandare ya isa. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In akuya ta fito masa, kafin hannunsa ya kai ga birki ya riga ya ci wannan tazara ko fiye. In aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake buƙata kafin a tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Hanyar Kano zuwa Zariya kuma cike take da tireloli da tankoki, da masu bin hannun da ba nasu ba, da masu tsallakawa a Karfi da Kura da Ciromawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanyar kanal ita ma da nata sharrin. A kan rairayi da tsakuwa, wanda ya damƙi birkin gaba da ƙarfi ya sha ƙasa. Inda ruwa ya malalo daga gona laka tana da santsi kamar sabulu, kwalbatoci ƙanana ne, tiyo yana ratsa hanya, shanu suna fitowa daga kwana ba sallama. Babban kanal yana da zurfi da ƙarfin ruwa, gefensa kuma ba ya kamuwa ga wanda ya faɗa. Don haka ba a bin waɗannan hanyoyi da dare, ba a kuma bin su da gaggawa. Tun ana jibi tafiya ake duba baƙin mai da iskar taya da birki da ɗaurin sarƙa, a wanke matatar iska musamman lokacin hunturu, a tanadi tub da kayan faci da famfo da filogi da wayar kuloci da ruwan sha. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ladabin Baƙo

Akwai wani abu da ya fi gyaran inji wuyar koyo, shi ne ladabi. Tseren Dakar da muka ambata ya bar mummunan tarihi a ƙauyukan da ya ratsa, domin an sha kaɗe mazauna wurin, har da yara, a hanyar da take ƙofar gidansu. Masu tseren sun ɗauki ƙasar mutane filin wasa. Kada mu yi wa Bunkure abin da muke zargin Turawa da yi wa Sahel.

Gaɓar kanal dukiyar jama'a ce, kuma wanda ya kwakkwafe ta da taya bayan ruwan sama ya jawo wa manoma aikin gyara. Shinkafar da aka shanya a gefen hanya da kauɗar tumatir wahalar wani ce ta watanni, ƙurar da aka bule mata tana rage mata daraja a kasuwa. Ƙarar salansa da ake fasawa don burge 'yan birni, a ƙauye firgita dabbobi take yi da tada marasa lafiya. In an shiga gari a rage gudu, a cire hula a yi sallama, a gai da dagaci ko mai unguwa a faɗi abin da ya kawo mutum. Ba a ɗaukar hoton matan mutane suna aikin shinkafa ba da izni ba. Abin da aka gani a gona aka yi sha'awa, a saya, kada a tsaya dogon ciniki a kan abin da bai kai kuɗin litar mai ba. Manomin Kura ya ga baƙi masu takarda da biro iri-iri tun daga shekarun 1970, sun yi tambayoyi sun tafi bai sake jin ɗuriyarsu ba. In ya karɓe mu da ɗari-ɗari, yana da dalili.

Masu Cewa A Hana Babur

Akwai kuma waɗanda suke ganin cewa a wannan zamani na rashin tsaro babur kansa shi ne matsala. Ba za mu musa abin da ya faru ba. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. A Nijar an taɓa hana hawansa a Diffa da wasu sassan Tillaberi. A watan Yuli na 2022 har gwamnatin tarayya ta bayyana cewa tana duba yiwuwar hana shi a ƙasa baki ɗaya.

Mun yarda cewa inda wuta ta kama, hukuma tana da ikon ɗaukar matakin gaggawa na ɗan lokaci. Amma duk mai tunanin hani na gaba ɗaya, muna roƙonsa ya je ya tsaya a Kwanar Gafan da safe lokacin kakar tumatir, ya ƙirga kwandunan da suke isowa a bayan babur, sa'an nan ya gaya mana da me za a kawo su. Ɗan birni da aka hana acaɓa ya koma A Daidaita Sahu, manomin da gonarsa take ƙarshen kanal ba shi da abin da zai koma wa. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a yi wa kowane babur rajista da lamba, a san mai shi, a kama mai laifi da laifinsa. Mu masu ilimi ya kamata mu fara ba da misali: takardu cikakku, lamba a bayyane, tafiya da rana, a tsaya a shinge a buɗe fuska, kuma kada a yi ayarin da zai tsorata gari. Kafin a bi hanyar daji irin ta Falgore a tambayi direbobin tasha, a kuma ji maganarsu. Mai son ƙetare iyaka ya tuna cewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa Maris na 2024. Hanyar Agadas tana iya rufewa a dare ɗaya, ta Kura kuwa tafiyar awa guda ce daga ƙofar jami'a.

Kira Ga Ƙungiyar Ɗalibai

Muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su tattara masu babura da masu sha'awarsa a inuwa ɗaya, maimakon a bar kowa yana koyo da karaya. A gayyato jami'an kiyaye haɗura su ba da horo a farkon kowane zango, a sa dokar cewa wanda ba shi da hula da lasin ba ya bin ayari. A shirya fita sau ɗaya a zango, mutum biyar ko shida, a cakuɗa ɗalibin aikin gona da na likita da na injiniya da na harshe. A fara da zagayen yini ɗaya, daga Kano zuwa Karfi, a bi ta Bunkure zuwa Rano, a leƙa Tiga, a dawo ta Kadawa da Kura kafin magariba. 'Yan'uwanmu mata da waɗanda ba sa hawa su biyo a motar ƙungiya, domin su ne za su iya shiga gidajen da ake turara shinkafa su ji abin da maza ba za su ji ba. Duk ayarin da ya dawo ya rubuta abin da ya gani a wannan mujalla, a kuma aika da kwafi ga mutanen da suka karɓe shi, don su san cewa maganarsu ta isa wani wuri.

Ga ƙananan ma'aikata kuwa, musamman waɗanda aka tura aiki Kura ko Bunkure ko Garun Malam suna ta neman hanyar da za a mai da su birni, muna cewa su dakata. Babur ɗin da ke jingine a ƙofar ofis ya isa ya kai mutum kowace mazaɓa a ƙaramar hukumarsa cikin wata guda. Jami'in da ya san ƙauyukansa da idonsa, ba a kawo masa rahoton ƙarya ya sa hannu.

Ƙasar nan ta kashe kuɗi mai yawa wajen karantar da mu, kuma wani kaso na kuɗin daga gumin mutanen da suke tsaye cikin ruwa a gonakin Kura ya fito. In Allah ya hore mana abin hawa, su ya kamata mu fara kai wa ziyara. Wanda ya yi shekara yana zagaya ƙasarsu bai kaɗe akuyar kowa ba, bai bar bashi a baya ba, ya kuma dawo da abin da zai faɗa, shi ne ya cancanci ya ɗaura jakarsa ya nufi Agadas. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.